An Rufe Idon Inna Larai, An Manta da Billenta

Kuma don Allah ku daina cewa Inna Larai ta yaudari mutane. Wa ta yaudara? Ku kuma ɗaya ɓangaren, masu zagin yarinyar laburaren nan kamar ita ta ƙirƙiro cutar, ku ma ba ku san yadda aka yi ba. Sati uku kenan hoton yana yawo a wayoyin Gyadi-Gyadi, kowa da irin sharhinsa, amma a cikin masu sharhin da wuya a sami mutum biyar da suka je gurin ranar. To ga abin da ya faru. Ku karanta har ƙarshe kafin ku sake tura wa wani.

Wanda bai san Inna Larai ba, bai taɓa karyawa a layin bayan babban asibiti ba. Ita ce tsohuwar nan mai waina a gindin darbejiya, tanda biyu, tukunyar miyar taushe a gefe, da benci guda wanda ƙafarsa ɗaya bulo ce. Shekara talatin da biyu tana gurin. Nas-nas da suka sauko daga aiki, ɗalibai masu fararen riguna, 'yan adaidaita sahu, masu jinyar 'yan uwa, duk a gabanta suke haɗuwa. Kwano huɗu na shinkafa take jiƙawa kullum, kafin ƙarfe goma ƙullu ya ƙare. Ga ta da baki. Duk ɗalibin da ya zo likita take ce masa, wanda kuma ta ji labarin ya faɗi jarrabawa sau biyu, shi ne babban likita. In nas ta ce mata mai ya yi yawa, sai ta ce ai shi ya sa Allah ya ajiye ta kusa da asibiti.

Yanzu ga laburaren. Akwai wata makarantar koyon aikin lafiya a nan Tarauni, ba sai an kama suna ba. A laburarenta akwai wata ma'aikaciya, Zulaihat, ba ta kai shekara talatin ba. Ita ta ci karo da wasu akwatunan katako guda shida a sito, gara ta riga ta fara cin na ƙasa. Kayan wani tsohon asibitin mishan ne da aka rufe tun kafin a haife ta, aka kwaso aka jibge aka manta. Tsofaffin hotuna, katunan marasa lafiya, kayan aiki. Yarinyar nan ita kaɗai ta kakkaɓe su, ta jera, ta shekara tana bin ofis-ofis a ba ta izini ta fito da su mutane su gani. Hujjarta ita ce tarihin mutanen gari ne, don me za a kulle shi a inda sai mai katin makaranta yake shiga? Ku faɗi gaskiya, akwai laifi a wannan?

Aka ba ta wata Asabar. Aka kafa rumfuna uku a filin wata firamare a Tarauni, aka jera kujerun roba, aka yi shela a masallatai cewa kowa ya zo, ba a biyan komai. Da yake Zulaihat ita ma a gurin Inna Larai take karyawa, sai ta ce ita za ta kawo wainar baƙi. Haka aka yi Inna ta je gurin. Ba kallo ya kai ta ba, aiki ta je. Ta sauka daga adaidaita da manyan kuloli biyu da bokitin miya, ta sami inuwa a bayan kujeru ta zauna.

Da farko abin ya yi kyau wallahi. Ga sirinjin gilashi irin wanda ake dafawa a tukunya, allurarsa kamar ta ɗinkin buhu. Ga ƙahon wanzami. Ga ma'aunin jarirai mai ƙugiya, wata mata ta ce ai wannan na mahauta ne. Ga hotunan dogon layin masu karɓar lambar agana, tsofaffi suna ta naɗe hannun riga suna nuna wa jikoki tabon a damtse. Dabarar da Zulaihat ta zo da ita kuwa ita ce, ba ita za ta yi ta bayani ba. Lasifika za ta riƙa zagayawa, duk dattijon da ya san wani abu game da hoto ya karɓa ya faɗa, a rubuta. Mutane suka ji daɗin haka. An daɗe ba a tambayi tsoho abin da ya sani ba.

Allon hotuna na ƙarshe na asibitin kutare ne. Hoto goma sha biyu. Kowanne an ja baƙin layi an rufe idon mai hoton, tun can asali haka likitocin Turawan suka yi, ba suna a ƙasa, sai lamba da shekara. Zulaihat ta duba wannan sosai kafin ta liƙa. Abin da aka koya mata kenan, in ka rufe ido ka cire suna, ka rufe mutum. Abin da ba a koya mata ba, kuma babu littafin da zai koya mata, shi ne mutanen wancan zamanin a kumatu suke ɗauke da sunan gidansu. Ita a tsararta ba wanda wanzami ya taɓa wa fuska. Ta ga layuka a kunci, ta wuce.

Akwai Malam Sani, tsohon mai gadin makarantar, mutumin ƙasar Rano, ya yi ritaya amma ba a taro babu shi. Shi da Inna Larai sun shekara ashirin suna tsokanar juna, tana ce masa sarkin surutu, yana ce mata mai wainar da ba ta tsufa sai mai ita. Ko a ranar sai da ya ci faranti biyu yana cewa gishiri bai ji ba. Da aka zo allon ƙarshe ba wanda ya so karɓar lasifika, sai shi ya karɓa. Ya ce shi bai san asibitin ba, amma zai iya gaya musu daga ina kowane mutum ya fito. Ya nuna na farko ya ce Bagobiri ne, ku dubi zuben. Na biyu ya ce Babarbariya. Jama'a suka hau tafi, yara suna mamaki, Zulaihat tana ta rubutawa tana murna an sami abin da babu a katin.

Ya iso hoto na bakwai. Yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya haka, zane ɗaure a ƙugu, ta ba da baya, an sa ta waiwayo ta kafaɗa. Ga tabo fari-fari a bayanta da kafaɗarta.

"Wannan kuwa tamu ce," in ji Malam Sani. "'Yar baka uku-uku, ga bille a hagu. Mutanen ƙasarmu ne. Ku duba ma billen, askar wanzami ta goce, ya lanƙwashe a tsakiya. Ni dai a duniya fuska ɗaya na taɓa ganin..."

Bai ƙarasa ba. Bai kama suna ba, wannan gaskiya ne, masu cewa ya kama suna ƙarya suke. Wuyansa ne ya juya da kansa ya kalli bayan kujeru. Mutum ɗari da wani abu suka bi idonsa.

Ita a lokacin ludayi ne a hannunta, tana zuba wa wata mata miya. Ba ta zagaya allunan ba, ba ta ma ji abin da ya ce sosai ba. Shirun ta fara ji. Ta ɗago ta ga kowa ita yake kallo, kuma ba idonta ake kallo ba, kuncinta na hagu. Ta ajiye ludayin, ta tashi, aka dare mata hanya, ta taka har gaban allon.

Daga baya ta ce ba fuskar ta fara ganewa ba, zanen ta gane. Saƙi ne na mahaifiyarta da aka rage mata tsawo. Sannan ta gane bangon, da ƙusar da ake rataye ma'auni. Shekara hamsin da biyar. Ta tuna an tsayar da ita, ta tuna wani haske ya haska ta, amma ba ta taɓa sanin hasken nan ya zama takarda ba, balle a ce takardar tana nan cikin akwati, tafiyar minti goma daga inda take suya.

Matar da aka zuba wa miyar ta sunkuya a hankali ta ajiye farantin a ƙasa. Daga nan sai ka ji ƙas, ƙas, ana tura farantai ƙarƙashin kujeru. Wani ya fito da abin da ke bakinsa a cikin leda. Wayoyi suka tashi sama, ana ɗaukar allon, ana juyowa ana ɗaukarta. Zulaihat ta ruga ta fizge hoton har ya yage a gefe, amma magana zarar bunu ce.

Inna Larai ba ta yi kuka ba. Ta koma ta rufe kulolinta. Malam Sani ya biyo ta yana rantse-rantse. Abin da ta ce masa kawai, ya kama mata kula ɗaya zuwa titi. Ya kama.

Kafin la'asar 'yarta Rukayya ta zo daga Darmanawa, ko mayafi ba ta yafa daidai ba. A wasaf ta gani, a zauren iyayen yaran Islamiyya, an haɗa hoto biyu gefe da gefe an ja jan da'ira a kan billen. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Inna, ke ce?" Shekararta arba'in da biyu, ba ta taɓa jin ko alamar zancen ba.

A ranar Inna ta ba ta labarin. Shekarar da aka gama yaƙin basasa tabon ya fito mata a baya, kakarta ce ta gani gurin wanka. Aka yi na jiƙo, aka yi na turare, bai tafi ba. Aka ware mata ƙwaryarta daban, aka ɗaura wa ludayinta zare don kada a haɗa. Aka hana ta zuwa rijiya. Wani kawunta da ya taɓa zama a birni shi ya dage, yake ɗaukarta a keke duk sati zuwa asibitin mishan, a ba ta ƙwaya ta haɗiye a gabansu. Shekara huɗu suna wannan hanyar, damina da rani. Ranar hoton wata Baturiya ce ta sa tafinta ya ce mata ta sauke zane ta juya. Ba wanda ya tambaye ta, ba wanda ya tambayi kawun, yana waje yana gadin keke. Tabon ya baje, wata rana aka ce ba sai ta sake zuwa ba. Amma a ƙauye ba a warkewa. Ƙwaryar tana nan daban, ludayin da zarensa. Shi ya sa aka turo ta gurin goggonta a Gyadi-Gyadi, lokacin rabin unguwar gonaki ne.

A nan ta auri Malam Bello direba, baban su Rukayya. Kafin a ɗaura aure ta faɗa masa a zaure, don kada ya ji a bakin wani. Ya tambaye ta ta warke? Ta ce haka suka ce. Ya ce to an gama. Shekara goma sha shida suka yi tare har ya rasu, ko a cikin faɗa bai taɓa ɗaga zancen ba, kuma sun yi faɗa. Da ya bar ta da 'ya'ya huɗu ta sayi tanda.

Rukayya ta yi kuka ta rungume ta. Can da ta share hawaye sai ta tambaya, a hankali, ko ya kamata ita da yaranta su je a duba su. Inna ta ce duk abin da aka yi mata a filin firamaren nan bai kai wannan tambayar ciwo ba. Ba ta ga laifin 'yar ba. Ta ce ta je.

Ran Litinin ta jiƙa kwanonta huɗu kamar kullum, ta fito ta hura wuta. Ko kwano ɗaya bai ƙare ba. Ta kawo ragowar gida ta ce a raba wa yaran maƙwabta, iyayensu suka leƙo suka kira su ciki. Washegari ta jiƙa biyu. Yanzu ɗaya take jiƙawa, shi ma yana kwana. Mutanen da suke zama a bencinta sai su tsallaka ɗaya gefen titi, su dafa ƙirji daga nesa su ce Inna ina kwana. Kowa kuma ya zama mai lura. Wai dama sun ga ɗan yatsanta na hagu a lanƙwashe yake. Wai dama ba ta jin zafin tanda. Shekara talatin da biyu kuna ci kuna suɗe hannu ba ku lura ba, sai yanzu.

Kun san waɗanda ba su gudu ba? 'Yan adaidaita uku zuwa huɗu, ɗaya ya ce shi yunwarsa ba ta da wasaf. Sai Malam Sani, wanda kullum yake zuwa ya zauna a bakin benci inda kowa zai gan shi, ya ci, ya tashi, ba ya cewa uffan. Mutumin da ba a taɓa jin bakinsa a rufe ba.

Waɗanda suka gudu kuwa, a nan ne abin ya fi ɗaure kai. Masu fararen riguna. Mutanen da aka koya wa a aji cewa kuturta ƙwayar cuta ce kamar kowace, tana da magani, wanda ya sha ya warke ba ya shafa wa kowa, ba a gadonta a jini. Sun rubuta wannan a jarrabawa sun ci maki. Su ne suka fara ɗauke ƙafa. Wata nas da ta shekara goma tana ci a gurin ta tsaya ta rage murya ta ce mata, Inna ni na san ba komai, amma a ofis an ce kada a sake shigo da ledar wainarki. Inna ta ce mata Allah ya yi albarka, ta gaida yara.

Ran Alhamis ta sati na biyu Zulaihat ta zo da safe. Ta durƙusa a ƙasa gefen murhu, idonta ya kumbura. An dakatar da baje kolin, ita ma an ba ta takardar tuhuma, amma ba wannan ta zo faɗa ba. Ambulan ta kawo, da kati a ciki. Ta ce kowane hoto yana da katinsa a akwati, wannan na hoto na bakwai ne. Da Turanci aka rubuta, tawadar ta koɗe. Ga sunan, ga sunan uba, ga ƙauye, ga ranakun shan magani layi-layi har bayan katin. A can ƙasa an rubuta ta warke, an sallame ta, an buga hatimi, an sa hannu.

Inna ta ce ta sake karanta layin ƙarshen. Ta sake. Tsohuwar ta manta da tanda har waina ta ƙone. Ita da baki kawai aka gaya mata, ta bakin tafinta, tana yarinya. Tun daga ranar, duk lokacin da bayanta ya yi ƙaiƙayi sai ta rufe ɗaki ta haɗa madubi biyu ta duba. Duk haihuwar da ta yi sai ta juya jaririn tana neman tabo. Ta ce, "Ashe a rubuce yake."

Sannan ta tambayi yarinyar, me ya sa aka rataye hoton aka bar wannan a akwati? Zulaihat ta ce saboda akwai suna a jiki, ta ɓoye shi ne don ta rufa wa mai shi asiri. Inna ta kalle ta, ta ɗan yi dariya, ba ta daɗi ba. Yarinyar ta ce in ta yarda za ta je a sa wa katin leda, a rataye a jikin darbejiya kowa ya karanta.

"A'a, 'yata," in ji Inna Larai. "Ba wanda ya taɓa neman takarda kafin ya ci wainata. Ba zan rataya ta yanzu kamar mai neman aiki ba. Ku da kuka yi karatun, ku faɗa musu da bakinku."

Ta karɓi katin ta ɗaure a bakin zane. Ta kuma ce mata sauran sha ɗayan nan, ta gane biyu, tare suke zama a layin ƙwaya, ɗaya ma tana jin yana raye. Kada a sake fito da fuskar kowa sai an nemo shi ko 'ya'yansa an tambaya. Ba ta ce a ƙone akwatunan ba. Ta ce a ajiye, wata rana jikokinta za su so su gani, amma ita za ta kai su. Da yarinyar za ta tafi ta zuba mata waina biyar ta ce ta zauna ta ci a nan. Ta zauna ta ci, tana ci tana hawaye.

Rukayya ta je an duba ta da yaran, ba komai, dama ba za a ga komai ba. Yanzu ta matsa Inna ta bar suyar ta koma gurinta a Darmanawa ta huta. Inna ta ce ita ba gajiya ta yi ba, kuma ba ta son a ce korar ta aka yi. Amma ta yanke wa kanta, in wata ya ƙare kwano ɗayan nan yana kwana, za ta kife tanda. Saura kwana tara. Ita ta ce a rubuta wannan, da sunanta, ta ce tunda sun ga rabi gara su ji duka.

To ku nas-nas, ku ɗaliban aikin lafiya, ku likitoci na gaske da waɗanda ita ta naɗa, magana ta zo kanku. Mai adaidaita ba shi da hujjar da zai kare ta da ita, ku kuna da ita a ka. Ba a ce ku tura alamar kuka a ƙarƙashin rubutun nan ba. Ku koma duk zauren wasaf ɗin da aka turo hoton kuka yi shiru, ku rubuta abin da kuka sani game da cutar nan, da cikakken sunanku da aikinku. Wanda ya hana shigo da leda ofis, ku tambaye shi a wane littafi ya gani. Malaman makarantar, ku fito ku faɗi hotunan mutum nawa ne suka rage a akwatunan nan da yadda za ku nemi izininsu, kada ku ɗora wa ƙaramar ma'aikaciya komai ku koma gefe. Gobe da safe kuma tana gindin darbejiya daga ƙarfe bakwai. Ku je da fararen rigunanku, ku zauna a bencin, duk wanda ya tsaya yana kallo ku buɗe baki ku gaya masa dalili.